Shingen Direba

"Ka gaya wa matarka ta daina zuba min ruwan wanki a gindin shinge!" in ji tsohon Direba, bokiti a hannu, yana haki.

Tela ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki ya leƙo ta taga. "Haba Yaya, da sanyin safiya? Ruwanmu kwata yake bi, zo ka gani da idonka."

"Na ga abin da zan gani. Dubi ganyen nan, sai ka ce mai ciwon shawara. Tun ran da na dasa shi kuke baƙin ciki."

Tun ba su da furfura suke maƙwabtaka, ko katanga babu a tsakaninsu. Da Direba ya ajiye tuƙi sai ya sayo 'yan shuke-shuke ya jera a kan iyaka, wai yana son ya ga kore kafin ya mutu. Ƙasar wurin kuwa laka ce, da damina ta cinye maka takalmi, da rani ta dare kamar faso. Shingen ya yi kore na ɗan lokaci, sannan ya fara rawaya daga ƙasa. Direba ya ƙara ruwa, safe da yamma, har da tsakar rana.

Tela ya ce wa matarsa ta yi shiru, tsoho zai huce. Bai huce ba. Ya daina amsa gaisuwa, ya aiko 'yarsa ta karɓi yadin da ya ba da ɗinki, aka kai wa wani tela a bakin kasuwa. Wannan ya fi zagin ciwo.

Wata rana Tela ya ji ƙarar bokiti. Ya fito ya tarar da Direba kwance a taɓo, baki ya karkace. Shi ya ciccibe shi ya kai shi ɗaki, rigarsa duk laka.

Da tsohon ya farfaɗo, Tela ya durƙusa a bakin gado. "Yaya, ni ne. Mu yafi juna."

Direba ya juya fuska bango. Da ƙyar maganar ta fito, kuma 'yarsa ya yi wa ita. "A ba shinge ruwa. A sa ido a kansu."

Bai sake tashi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, babban ɗansa ya zo tuge shingen, zai ja katanga. Ya kama icen farko da hannu ɗaya, ya fito ba gardama. Wari ya bugi kowa. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, ramin kuma cike da ruwa kamar randa.

"Kai, Baba ma dai!" Ya toshe hanci. "Ruwa ne ya yi musu yawa, laka ba ta shanyewa. Kawu, ku yi haƙuri, ka san rigimar tsufa."

"Ni za ka gaya wa?" in ji Tela. "Je ka gaya masa."

Ya koma ya zauna a kan keke, bai taka ba. Ta taga yana kallon magini na jan igiya a kan ramukan, ana sauke bulo.