Gaisuwar Baba Jatau a Tsakiyar Titi

A Bungudu akwai wani fili a bakin babban titi da direbobi ke kira Gindin Marke. Ba tasha ba ce ta a-zo-a-gani. Rumfar kwano ce guda, da benci uku, da murhun Hanatu mai tuwo a gefe. Amma direba talatin da biyu ne ke lodin fasinjan Gusau a wurin, da shi suke ciyar da gidajensu, kuma Tukur ne shugabansu shekara shida ke nan.

Ranar Alhamis takarda ta iso daga kwamitin sufuri na majalisar dokoki. Ana duba wani ƙudiri da zai tashi duk wurin lodi da ke bakin babban titi a mayar da shi bayan gari, saboda cunkoso. An ce ƙungiyoyi su turo wakilai ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya, kowa ya faɗi ta bakinsa.

Tukur bai buƙaci a yi masa bayani ba. In aka kai su bayan gari, ba fasinjan da zai taka ya same su. Zai tsaya ne a bakin titi ya tari motar da ta fito daga Sakkwato, ko ya hau kabu-kabu. Cikin wata biyu Gindin Marke ta zama labari.

Kwana huɗu ya yi yana shirya jawabi tare da Hamidu, sakataren ƙungiya, wanda shi ne mai rubutu a cikinsu. Masu laifi uku suka tsayar: manyan motocin da ke sauke hatsi a kan kwalta, da 'yan tebur da ke turo kayansu gaba kullum, da 'yan kabu-kabu. Jawabin zai ƙare da magana guda: direbobin Gindin Marke ba su taɓa tare hanya ba. Tukur bai ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Ya daɗe yana faɗarta har ta zauna masa, kuma haka yawancin mutane suke da laifin da suka saba yi a bainar jama'a.

Ranar Talata ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hana a yi masa lodi. Shi da Hamidu kawai za su tafi.

Hanatu ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Shugaba, in sunka tashe mu, ƙofar gidanka zan kai tukunyata. Ka dai sani."

"Ki kai," in ji Tukur. "Ko ba komi na huta da sayen tuwo."

"Wa yac ce maka kyauta ne?"

Ƙarfe tara da rabi ya hau titi. A ɗaya gefen wata tirela ta ci rabin kwalta, ana sauke buhunan dawa. Tukur ya nuna wa Hamidu ita da baki, wato ga shaida tun kafin a je. Bai rufe baki ba sai ga wata tsohuwar bas mai ruwan toka ta ratso ta gefen tirelar daga wajen Gusau, ta zo daidai tagarsa ta tsaya cak.

Baba Jatau ne, mutumin Nahuce. Shi ya koya wa Tukur tuƙi shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Wata biyu yana kwance da ciwon ƙafa, kuma ranar ce ya fara fitowa.

Direbobin wannan hanya suna da tsarin gaisuwarsu, ba a rubuce yake ba amma ba wanda bai san shi ba. Sa'anka, ka danna masa hon sau ɗaya ka wuce. Na ƙasa da kai, ka ɗaga masa hannu. Amma wanda ya ɗora hannunka a kan sitiyari, tsayawa ake yi inda aka haɗu, a kashe mota, a sauko. Kuma ba kai ke yanke gaisuwar ba, shi ke sallamarka.

Tukur ya kashe mota, ya fito, ya tattare riga ya durƙusa a gindin ƙofar bas.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi, Tukur. Ya gida? Ya yaran? Ya mai sunan uwata?"

"Duk lafiya lau, Baba."

"Ka ga ƙafar? Likita yac ce kada in taka kuloci. Na ce mai, likita, kai ma kada ka taɓa allura, mu gani wa zai fara jin yunwa."

Fasinjojin bas suka yi dariya. Daga nan aka shiga ruwan bana, da gonar Baba da ya bar wa surukinsa, da tsadar mai, da wani direba da ya rasu a Tsafe. Hon ya fara tashi ta gaba da ta baya. Hamidu ya leƙo yana nuna agogo, Tukur ya yi kamar bai gani ba.

Wata farar mota ce a bayan tasa. Aka sauke gilashin baya, wani mutum ya ce cikin natsuwa, "Malam, don Allah a ba mu hanya."

Tukur bai ko juya sosai ba. Farar hula kawai ya hango. Ya ce, "Alhaji, haƙuri. Ba ka gani da babba nike magana?"

"Ƙyale su," in ji Baba Jatau. "Kowa gaggawa, kowa gaggawa. Sai ka ce a Gusau aka raba Aljanna."

Sai da dattijon ya gama ya ce, "To, tashi ka tai, Allah shi ba da sa'a," sannan Tukur ya miƙe. Ya hau mota zuciyarsa fes, yana ganin ya fara ranar da albarka.

A Gusau sun sami ɗakin taro ya cika. Ga mutanen manyan motoci, ga 'yan kasuwa, ga wakilin direbobin Tsafe, Malam Sama'ila, wanda ya matsa musu a benci yana cewa, "Mutanen Bungudu, kun iso? Na ɗauka sai an aika da sammaci."

Aka fara. 'Yan majalisa suka yi ta kai da kawowa a tsakaninsu. Wani ya ce maganin abin shi ne a yi hanyar da za ta kewaye garuruwa. Wani ya ce titin na tarayya ne, ba su da ikon taɓa ko dutse ɗaya a kansa. Wani ya tashi ya yi minti goma a kan jirgin ƙasa da yadda a da yake kwashe gyaɗa da auduga, har shugaban kwamiti ya roƙe shi ya dawo kan titi. Malam Sama'ila ya yi bayanin yadda Tsafe ke toshewa ranar kasuwa, ya ɗora komai a kan tireloli. Mutumin tireloli ya tashi ya ɗora a kan 'yan tebur. Mutumin 'yan tebur ya ce su talakawa ne. Awa ɗaya da rabi ana magana a kan hanyar da ke toshewa kullum, ba a sami mutum ɗaya a ɗakin da ya taɓa toshe ta ba.

Aka kira Bungudu. Tukur ya tashi, ya yi sallama, ya jero masu laifinsa uku ba tuntuɓe. Ya ce ko yau da safe ya bar tirela tana sauke dawa a kan kwalta. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Amma mu direbobin Gindin Marke, ranku shi daɗe, ba mu taɓa tare hanya ba."

Wani ɗan kwamiti da ke can ƙarshen tebur ya jawo abin magana gabansa. A takardar da ke gabansa an rubuta Honarabul Yahaya. Farar hula ce a kansa.

"Malam Tukur," in ji shi, "yau da ƙarfe tara da rabi, a ina kake?"

Muryar mutumin Tukur ya fara ganewa kafin hular. Hamidu ya taka masa ƙafa ya yi raɗa: "Ce tirela ce. Ai tana wurin."

Tana wurin kuwa, kuma da ya faɗi haka ba wanda zai ce ya yi ƙarya tsagwaronta. Amma Tukur mutum ne da ke hukunta direba in ya saci layi, kuma bai taɓa karɓar rabin gaskiya daga bakin kowa a ƙarƙashin rumfar nan ba.

"Ina Bungudu, ranka shi daɗe. Tirela ta ci rabin hanya. Ni da ubangidana munka cinye rabin da ya rage."

Ɗakin ya fashe da dariya. Malam Sama'ila har da buga cinya. Honarabul Yahaya bai yi dariya ba.

"Minti goma sha biyu," in ji shi. "Na duba agogo. Da na waiwaya ban ga ƙarshen layin ba. Ban ce ka yi rashin kunya ba, Malam Tukur. Ni ma ina da manya, kuma ina durƙusa musu. Tambaya ɗaya gare ni. Irin wannan gaisuwa sau nawa ake yin ta a wurinku?"

Tukur ya shiga lissafi. Direba talatin da biyu, kowa da ubangidansa, kowa da surukinsa, kowa da limamin unguwarsu. Bai taɓa haɗa su wuri ɗaya a ransa ba sai a lokacin.

"Kullum ne," in ji shi. "Wata rana sau biyar. Ba mu ɗauke ta tare hanya ba, ranka shi daɗe. Mun ɗauke ta ladabi."

"To yanzu fa?"

"Yanzu na ga ladabi ne ga mutum ɗaya, wulaƙanci ga mutum ɗari."

Shugaban kwamiti ya yi ƙus-ƙus da na kusa da shi. Daga baya ya ce tun safe wannan ne mutum na farko da ya kawo musu abin da za a iya gyarawa ba tare da siminti ba. Za a jingine maganar Gindin Marke wata uku. A cikin wata ukun za a riƙa turo mutane ba sanarwa. Ranar da aka sami motar ɗan ƙungiya tsaye a kan kwalta, ko lodi take ko gaisuwa, ranar za a sa sunansu a cikin waɗanda za a tasa. Aka miƙo takarda, Tukur ya sa hannu.

A hanyar komawa, suna fita daga gari Hamidu ya juyo gare shi. "Ka tona mana asiri gaban mutanen Tsafe," in ji shi. "Shekara goma za su yi suna ba da labarin."

"Su ba da. Muna da wata uku, su ba su da ko kwana ɗaya."

Washegari ya sa aka jera duwatsu a bakin kwalta aka shafa musu farar ƙasa. Ya tara direbobi ya gaya musu: mai son gaisuwa ya sauka bayan duwatsu, ya gaisa har azahar in ya so. Wanda ya tsaya a kan titi ya rasa layinsa na kwana uku. Suka ce sun ji. Amma ya ga yadda suke kallon juna, ya kuma san abin da suke jira.

Ranar Asabar da hantsi abin ya zo. Bas mai ruwan toka ta taho daga wajen Gusau, ta zo daidai rumfa, ta tsaya a tsakiyar hannunta. Baba Jatau ya jingina gwiwar hannu a taga yana jiran a zo. Duk wanda ke kan benci ya daina abin da yake yi. Hanatu ta tsaya da mara a hannu.

Tukur ya taso ya tsaya a bayan duwatsu. Bai durƙusa ba.

"Baba, sauko daga kwalta. Ga wuri nan."

"Mi kac ce?"

"Ka sauko nan, in zo in gaishe ka har ƙasa."

Wata mota ta tsaya a bayan bas ɗin, wata ta biyo ta. Dattijon ya dube shi daga hula har takalmi.

"Ni za ka nuna ma inda zan tsaya? Ni da na nuna maka inda birki yake?"

"Kai ne, Baba. Don Allah ka sauko."

Baba Jatau bai sauko ba. Ya sa giya, bas ta yi tari ta wuce, motocin da ke baya suka bi ta. Titi ya koma fayau. Tukur ya daɗe tsaye a wurin. Daga baya Hanatu ta ce a hankali, "Shugaba, zo ka zauna, rana na dukanka."

Bayan la'asar ya tafi Nahuce, ya ajiye mota nesa da hanya, ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya fi rabin awa a tsaye. Daga baya matar gidan, Inna Indo, ta turo tabarma ta bakin zaure ta ce, "Ya ce ka zauna. Bai ce zai fito ba." Bai fito ba kuwa. Sai a zuwa na uku ya fito, ya amsa gaisuwa a taƙaice, bai tambayi mai sunan uwarsa ba.

Wata uku suka cika. An turo mutane sau huɗu, ba su sami kowa a kan kwalta ba. Direbobin da suka ga abin da aka yi wa Baba Jatau ba su sake tsaya wa nasu manyan a kan kwalta ba. Gindin Marke tana nan, murhun Hanatu yana nan.

Tukur yana zuwa Nahuce duk Juma'a ya durƙusa a zaure. A kan hanya kuwa, Baba Jatau bai sake tsaya masa ba, bai kuma taɓa sauka bayan duwatsun ba. In ya zo daidai rumfa sai ya danna hon sau ɗaya, irin wanda ake yi wa sa'a, ya wuce. Tukur yakan miƙe tsaye ya bi bas ɗin da kallo, sannan ya koma ya kira wanda ke kan layi.