Ƙotar Hannun Hagu

Wuƙar ta sake suɓucewa daga hannun Gajere ta faɗi a kan siminti, lemon ya gangara ƙarƙashin gado. Karo na uku ke nan tun da na zauna. Auta, 'yarsa da ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ta sunkuya za ta ɗauka.

"Kawo in fere maka, Baba."

"Shekara arba'in da biyu ina feɗe shanu," in ji shi, bakin nan a karkace, "yau kuma lemo za a fere min? Kafinta, kana gani?"

"Ina gani," na ce. Amma ba shi nake kallo ba, wuƙar nake kallo.

Gajere mahauci ne, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Wata huɗu ke nan da ciwo ya shanye masa hannun dama, hagun kuma ya rame ya koma kamar kara. Likita ya riga ya ja Auta gefe ya faɗa mata abin da ya faɗa, kowa a layinmu ya sani.

Ba zan ɓoye ba, na tsufa da ƙarya. Wuƙar nan ta tsone min ido tun muna da baƙin gashi. Rana ɗaya muka je wurin maƙeri ɗaya, daga ƙarfen mota guda ya ƙera mana biyu. Tawa ta dakushe, ta tsage, ta ƙare a tonon ciyawa a gindin katanga. Tasa kuwa kullum kamar jiya ta fito daga wuta. In an sayo nama a gidana, sai tsohuwata, wato uwargidana, ta leƙa ta katanga ta ce a aro mana wuƙar Gajere. A gabana fa, ni da nake da akwati cike da kayan kaifi. Haka yake a komai, mutumin nan. Ni in faɗi magana mai nauyi a cikin mutane a yi tsit, shi ya faɗi shirme a yi ta dariya har da tafawa.

"Tafi da ita," ya ce. "Ƙotar ta yi santsi, kitse ya gama da ita. Ka yi min wadda hagun nan zai iya riƙewa. Lemo ɗaya nake so in fere da hannuna kafin in tafi."

"Baba, ka daina irin wannan maganar."

"To, kafin in tafi kasuwa. Shi ke nan?"

Na kawo ta gida na shimfiɗa buhu a tsakar gida. Na fitar da ƙusoshi biyun da suka riƙe tsohuwar ƙotar, katakon ya rabe da kansa, ya yi baƙi ƙirin yana warin kitse. Ƙarfen da ke ciki duk tsatsa. Na kankare shi da magagari, na bi ruwan wuƙar da samfefa, mai kaushi tukuna sannan mai laushi, na wasa ta a kan dutse har ta aske min gashin hannu. Sannan na ɗauko wani guntun katako mai tauri da na daɗe ina ɓoyo, na tsaga shi biyu.

Akwai ƙa'idar da ubangidana ya koya min da ranƙwashi: ba a auna ƙota da hannun mai sassaƙa. Mai kayan ake kira ya riƙe. Na san wannan kamar yunwar cikina. Amma ina sassaƙa ina juya ta a hannuna na dama, zuciyata tana raya min cewa kwana nawa ya rage masa? Auta ba mahauciya ba ce. Wa za ta ba, in ba wanda ya gyara ba? Sai na ƙara kauri inda tafina ke so, na ƙwaƙule gurbin babban yatsa a gefen da nawa ke zama.

Tsohuwata ta zo wucewa da bokiti ta tsaya.

"Malam, wannan ƙotar ai ta mai hannun dama ce."

"Ke kika koya min sassaƙa?"

"A'a. Ido ne da ni."

"To kai idonki madafi."

Washegari da hantsi na kai masa, ta sha mai tana ƙyalli. Auta ta ce, "Kai, Baba Kafinta, kamar sabuwa!" Ta ɗora wa ubanta a hagu. Yatsunsa suka kasa zagaye ta. Babban yatsan ya yi ta laluben wurin zama bai samu ba. Ya kai ta jikin lemon, ta karkace ta faɗo a kan zanen gado.

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ɗago.

"Riƙe mu gani, Kafinta."

Na riƙe. Ta zauna a hannuna daram, kamar da ita aka haife ni.

Sai ya fara dariya, irin wadda tari ke biyo baya. "Ta yi maka kyau, wallahi. Amma ka yi haƙuri, maƙwabci, ban mutu ba tukuna."

Auta ta sunkuyar da kai ta fita da kofi. Da zagina ya yi, da na san abin da zan ce masa. Amma dariya ya yi, kuma har wannan ma sai da na ji haushin ya fi ni.

Ban koma gida da ita ba. Na je na kwaso kayan aikina na zauna a ƙasa a gefen gadonsa. Na ɓalle ƙotar da na yi kwana guda ina lallashi, na sa sabon katako ɗanye, ban goge shi ba. Na daka gawayi na shafa masa a tafin hagu.

"Matsa."

"Na matsa."

"Wannan ce matsar mahauci? Ƙara."

"Kai dai ko a bakin kabari sai ka yi wa mutum faɗa."

Inda baƙin ya fito a jikin katakon, nan nake ragewa. In sake shafa masa gawayi, ya sake matsawa, in sake ragewa. Yatsu uku ne kawai ke da ƙarfi, ƙaramin da na kusa da shi ba sa barin alama ko kaɗan. Kwana biyu muka yi a haka, yana gajiya yana barci ina jira. Ƙotar ta sirance, ta fito a karkace, mummuna, irin wadda ba zan yarda a ce ni na yi ba. Ban shafa mata mai ba. Na yanka tsohon tiyub na keke siriri na naɗe tsakiyar don kada ta zame.

Rana ta uku da safe Auta ta kawo lemo. Ya danne shi a kan cinya da mataccen hannun, ya sa wuƙar. Ɓawon ya riƙa fita guntu-guntu, wani wuri har da tsoka, ruwan yana bin zane. Auta ta miƙo hannu sau biyu, na harare ta ta janye. Ya fi minti goma. Da ya gama ya raba biyu, ya miƙo min rabi a kan bakin wuƙar.

"Sha. Ladan gyara."

Tsami gare shi kamar me. Na shanye.

Kwana biyar bayan nan ya cika, da rana tsaka, ina gyaran ƙafar wata kujera na ji kukan Auta ta katanga. Mutanen da suka raka shi sun cika layinmu har bakin titi. Na tsaya ina duba su, ina lissafin ko rabinsu za su zo nawa.

Da aka kwana biyu mutane suka ragu, na shiga gidan. Auta na zaune a ƙofar madafi da tire a cinya, wuƙar na hannunta.

"'Yar nan, ƙotar nan ta hagu ce, ke kuwa da dama kike aiki. Kawo in sake miki. Ko in kawo miki wata sabuwa, in ɗauke miki wannan."

Ta dube ni, kallo irin na ubanta, sai dai babu dariyar.

"Bar ta, Baba Kafinta. Zan koya."

Na samu kujera na zauna. Ta mayar da wuƙar hagu, ta sa yatsu uku a gurabun da gawayi ya nuna, ta ci gaba da yanka albasa. Yankan yana fita wani da kauri, wani siriri, tana share ido da gefen hannu.