Yaya, Ni Ce Fa

Leɓe a fashe Auta ta shiga ofishin ƙungiyar kare haƙƙin mata, tana kare kumburarren idonta da gefen mayafi. Matan da ke jere a benci suka matsa mata, amma ta wuce su kai tsaye. Ai wurin yayarta ta zo, wadda duk matar da miji ya daka ita take nema, wadda ta yi ta ihu a bakin kotu har muryarta ta dushe.

Yaya na zaune, wayoyi biyu na ruri a gabanta, shayin safe ya huce a kofi. Ta ɗago ta dubi fuskar ƙanwarta. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Zauna. Yaushe abin ya faru? Akwai wanda ya gani?"

Auta ta saki baki. Ita da tun a hanya take fargabar kada Yaya ta je ta shaƙe mijin nata.

"Kin je asibiti? Don sai likita ya..."

"Yaya! Ni ce fa!"

"Na san ke ce." Yaya ta dafa ƙirji tana lalube, kamar mai neman abin da ya faɗi. "Wallahi na sani, Auta. Nema nake in ji wani abu, ko da fushi ne. Babu. Tun bara babu."

Sai a lokacin Auta ta ga ramar wuyan Yaya, da zoben da ke yawo a yatsa. A gida kowa cewa yake Yaya ai ƙarfe ce. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana iya barci.

* * *

Duk da haka Yaya ta yi aikinta. Ta kai ta asibiti, ta kira lauya, kafin yamma an kama mijin.

Washegari tare suka fito. Yaya ta tsayar da mota a ƙofar ofis, ta kashe, amma ba ta motsa ba. Wata mata mai goyo ta hango ta, ta taso da gudu tana buga gilashi.

"Anti! Gara da Allah ya kawo ki!"

Yaya ba ta waiwaya ba. A hankali ta kai yatsa ta danna makulli, ƙofofin duka suka rufe ƙyas.