Kwanson Uku-Sifili-Uku

Mu'azu injiniya ne a wani kamfanin iskar gas a Doha, kuma bai taɓa harba bindiga ba a rayuwarsa. Duk da haka, wanda ya shiga falonsa a unguwar Ain Khaled abin da zai fara gani shi ne wani ƙaramin kabad na gilashi, an jera kwansunan harsashi a ciki, dogo da gajere, mai siririn wuya da mai faɗin baki. Duk fanko ne, babu albarushi ko ɗaya, an huda gindin kowanne.

A lokacin kullen korona abin ya soma. Mahaifinsa, Malam Garba, wanda ya yi aikin gandun daji a ƙasar Ningi har ya tsufa, ya rasu ana tsakiyar kulle, babu jirgi mai tashi. Ta waya Mu'azu ya ji an kai shi, ta waya ya karɓi gaisuwa. Da aka sassauta ya koma ofis da takunkumi a fuska, sai wani abokin aikinsa ɗan ƙasar, mai zuwa farauta ƙasashen waje, ya zo yi masa ta'aziyya. Suna hira ya ambaci sana'ar marigayin. Washegari mutumin ya ajiye masa kwanson harsashi guda a kan tebur, ya ce na tunawa ne.

Mu'azu ya ɗauka ya kai hanci. Sauran ƙaurin albarushi yana nan kaɗan. Nan take ya ga kansa yana ɗan shekara takwas, a gefen gonar dawa, manoma sun kira Baba saboda gadu ya addabe su. Ya tuna ƙarar, da yadda Baba yake ja da ƙarfen bindigar baya kwanson ya yi tsalle ya faɗa ciyawa, shi da yayarsa Atine su ruga suna kokawar ɗauka, yana ƙona musu tafin hannu.

Daga nan ya fara tarawa. Wasu a baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a unguwar Katara ya samo su, wasu abokan aiki ne suka kawo masa. Ya koyi karanta ɗan rubutun da ke gindin kowanne. Matarsa Safiyyatu, malamar makaranta ce, takan tsaya ta dube shi yana goge su da tsumma.

"Wani kuma? Ni fa duk iri ɗaya nake ganinsu, Abban Bilqis."

"Wannan na barewa ne, ba ya lalata nama. Wancan na ɓauna ne. Ki dubi kafaɗarsa mana."

"Harsashi har da kafaɗa," in ji ta, ta wuce kicin tana dariya.

Shi kansa ya san babu wata dabba da zai harba. Amma kowane sabon kwanso yakan zo masa da dajinsa. Idan ya riƙe shi sai ya yi ta tunanin irin ƙasar da aka yi shi dominta, da irin mutumin da ya ɗauke shi a aljihu. Guda ɗaya ne ya rasa, wanda Baba yake kira uku-sifili-uku, na tsohuwar bindigar hukuma da ya mayar ranar da ya ajiye aiki. Ya tambaya a shaguna, aka ce masa wannan tsohon yayi ne, ba mai riƙe shi a nan.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, garin ya cika ya batse. Nijeriya ba ta samu zuwa ba, don haka Hausawan Doha da yawa suka koma bayan Ghana. Safiyyatu tana da ƙawa, Nasiratu, ma'aikaciyar jinya 'yar Tamale, wadda take zaune da wasu mata a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura. Yayan Nasiratu, Issifu, zai zo kallon wasa, ga shi babu inda za ta sauke namiji. Mu'azu ya ce a kawo shi ɗakin baƙi.

Issifu dattijo ne mai fara'a, direban babbar mota, ya haura hamsin. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu, abin da ya sa Safiyyatu take ɓoye murmushi idan ya ce, "Nasiratu ya ce yana gaishe ki."

Ranar wasan Ghana na farko ya shirya tsaf cikin riga ja da rawaya da kore. Har ya kai ƙofa sai ya dawo, ya zaro makullansa daga aljihu.

"Alhaji, riƙe mini wannan. An ce masu gadin fili ba sa barin ƙarfe irin haka. A filin jirgi ma sai da na sha tambaya."

Mu'azu ya karɓa. A jikin zoben makullan akwai wani kwanso da ya yi duhu saboda tsufa, hannu ya cinye shi har ya yi santsi, an huda shi an zura waya. Yana da ɗan leɓe a gindi, jikinsa yana tsukewa a hankali zuwa wuya. Bai ma buƙaci karanta rubutun ba, uku-sifili-uku ne. Ya zauna a kan kujera.

Bai kalli wasan yadda ya kamata ba ranar. Talabijin tana ta ihu, shi yana juya kwanson a hannu. Ya sa shi a leɓensa na ƙasa ya hura, kamar yadda suke yi shi da Atine, sai ga wannan siririn fito ya fita. Safiyyatu ta leƙo daga ɗaki, ta dube shi, ta koma.

Da safe suna shan shayi ya tambayi baƙon inda ya samo shi. Issifu ya ce na mahaifinsa ne, wanda shi ma gadin daji ya yi a arewacin Ghana, da irin bindigar nan ta Turawa mai katako har baki. Suka ajiye kofuna. Ashe duka iyayen biyu da man kaɗanya suke shafe katakon, duka biyun ba sa yarda mace mai ciki ta tsallake bindigar, duka biyun kunnensu na dama ya mutu kafin su tsufa. Issifu ya ba da labarin giwar da ta bi babansa har ya kwana a kan tsamiya. Mu'azu ya ba da na ranar da Baba ya ƙi harbin macen gwanki saboda ya ga ɗanta a bayanta, ya dawo gida hannu sake, Inna ta yi miyar kuka babu nama tana mita. Har Mu'azu ya makara zuwa aiki.

Ya yi kwanaki yana juya maganar a ransa. Sai ranar da Ghana ta ci Koriya, Issifu ya dawo murya a dishe don murna, Mu'azu ya ga dama ta samu. Ya buɗe kabad ɗin.

"Yaya Issifu, ka zaɓi duk wanda kake so a nan, ko biyu ko uku, ka bar mini naka."

Issifu ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya yaba. Sannan ya girgiza kai.

"Alhaji, ka riƙe ni kamar ɗan'uwa, kunyarka nake ji. Amma wannan shi ne na ƙarshe da tsoho ya harba. Shi ya huda shi da hannunsa ya ba ni ranar da na fara tuƙi. In na ba ka, kwanso kawai za ka samu, ba na babanka ba ne."

Mu'azu ya ji zafin maganar, amma ya san gaskiya ce. Ya rufe kabad ɗin ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya ji ƙansu duka."

Bayan an fitar da Ghana, Issifu ya haɗa kayansa. Mu'azu ya kai shi filin jirgi, suka rungumi juna, makullan suna ƙara a aljihun baƙon.

A hanyar dawowa ya tsaya a gefen titi ya kira Atine a Ningi. Tun rasuwar bai taɓa tambayar kayan Baba ba, don ba ya son jin an ce an rabar. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaya ko akwai sauran kwanson bindigar a ɗakin tsoho.

"Waɗanda ke cikin gwangwani? Ai tuni yara suka kai wa maƙera."

Yana shirin yi mata sallama sai ta ci gaba.

"Sai dai na kwalli," in ji ta. "Wanda Baba ya yi wa Inna murfin fata take zuba kwalli a ciki. Yana wurina, da shi nake sa kwalli kullum."

Mu'azu ya manta da shi sam. Yanzu ya gan shi sarai, rataye a ƙusa kusa da madubin Inna, da ɗan tsinken azurfa a ciki.

"Yaya, ki ba wani mai zuwa ya kawo mini."

"Ba zan bayar ba. Kai da ko kabarinsa ba ka gani ba? An buɗe hanya tun yaushe, kullum sai ka ce aiki. Ka zo da ƙafarka, in kai ka ka yi masa addu'a, ka ci tuwona, sannan mu yi maganar kwalli."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce to.

Da ya isa gida ya tarar Safiyyatu tana cire zanin gadon ɗakin baƙi. Ya gaya mata zai nemi hutu a watan Janairu, su je gida gaba ɗaya. Ta ce dama Bilqis ta daɗe tana tambayar yaushe za ta ga Gwaggo Atine, ta miƙa masa gefen zanin ya kama suka ninke.