Sadakar Ma'aruf

Duk unguwar Hindawiyya, can ƙasar Larabawa, an san Ma'aruf mai gidan abinci mutumin kirki ne. Dole a sani mana, tunda shi da kansa yake faɗa. Lokaci-lokaci sai ya aiko wa tsofaffin unguwa shinkafa da kaza a robobi masu tambarin shagonsa, wai sadaka. Inna Ɗaso ma ta sha karɓa tana sa albarka, har ranar da mijinta Tsoho ya ci kazar nan, ya wuni tsakanin banɗaki da tabarma, aka ƙare da kwasarsa zuwa asibiti.

Da ta je masa da maganar, Ma'aruf ya dafe ƙirji. "Haba Inna, abin sadaka ake yi wa ƙorafi? Ciwo ai daga Allah ne."

"Ciwo daga Allah, kazar daga firijinka," in ji ta.

Tana kwance da abin a rai, sai ta tuna abin da ta saba gani ta taga. Duk ranar da tausayin Ma'aruf ya motsa, washegari motar baladiyya, wato hukumar gari, ke tsayawa a ƙofarsa, mai duba abinci ya shiga don sabunta lasisi, ya tarar da firiji fes kamar an wanke da zamzam. Ashe cikin tsofaffi ne kwandon sharar Ma'aruf, ga lada kuma a kai!

Da sadaka ta sake zuwa, ta karɓa hannu bibbiyu, har da addu'a. Ta sa robar a firiji ko murfin ba ta taɓa ba, sannan ta bi gidajen tsofaffin tana ce musu kada wanda ya ci, kowa ya zo shagon da tasa gobe.

Washegari ta faɗa shagon, ta iske mai dubawa, wani Bandar, yana soka ma'aunin zafi cikin nama, Ma'aruf na biye da shi yana washe baki. Ta dire robar a kan tebur ta ɓalle murfin. Bandar ya ja baya yana toshe hanci da gefen rawaninsa.

"Daga ina wannan, Hajiya?" ya tambaya da Larabci.

"Karanta murfin, ɗana. Kai ne mai karatu."

"Sadaka ce fa, Inna," Ma'aruf ya ce ƙasa-ƙasa da Hausa. "Ki rufa min asiri."

Ta zaro cokali daga jakarta ta miƙa masa. "To bismilla. Na yi maka sadakar nima. Loma ɗaya, in tafi gida."

Ma'aruf ya dubi cokalin, ya dubi kazar, ya mayar da hannuwansa baya. Bandar ya gani. Ya leƙa waje, ga tsofaffi tsaye a rana, kowa riƙe da robarsa.

Kafin azahar an manna takardar rufewa a ƙofar shagon. Inna Ɗaso ta shafa ta da tafin hannu don ta kama da kyau.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Cikinmu ya huta da alherin Ma'aruf."