Makullin Mai Aski

Kiyashi ne suka tona asirin. Ta kawo wa mahaifinta abincin rana shagon ɗinkinsa, sai ta gan su sun yi layi har bayan keken ɗinki, inda wani abu mai danƙo ya bushe a siminti.

Maganinsa ne. Wata uku ke nan da likita ya yi mata bayani: hantar Baba ta taurare, ƙwayoyin hanjinsa kuma sun rikice, miyagun sun rinjayi masu amfani. Dafin da suke fitarwa ya fi ƙarfin hantar, sai ya haura ƙwaƙwalwa. Ruwan zaƙin nan ne ke wanke shi, amma sai Baba ya zaga banɗaki sau uku a yini. Ta maimaita masa wannan har bakinta ya gaji.

"Baba, ashe nan kake zubarwa?"

Bai ɗago ba. Almakashi yake nema, almakashin kuwa yana hannunsa.

"Uwata, ke da kika yi boko, nuna mini banɗaki a shagon nan."

"Na maƙwabcinka mai aski fa?"

"Makullin na wuyansa kamar laya. Zuwan farko ya ce sannu. Na biyu ya ce, 'Tela, me ka ci?' Na uku kuwa, har wanda ake yi wa aski sai ya waiwayo."

"To ka zauna gida mana."

"In yi gadin uwarki?"

Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa kan rigar da ke tebur. An ɗinke wuyan ruf, babu inda kai zai shiga. Shekara arba'in yana wannan sana'a.

Ita da ko a aji ba ta iya ɗaga hannu, sai ga ta tsakiyar maza a shagon aski.

"Malama, saisaye ko tal-kwabo?" in ji mai aski.

"Makulli za ka ba ni, a yanko wa Baba nasa."

Ya gama dariyarsa, sannan ya cire ya miƙo.

Layin mai yankan makulli ya cinye mata awa guda. Ta dawo da gumi, ta tsiyaya maganin a murfi, ta miƙa wa Baba.

Ya dube ta da fara'a, ya share mata benci da hannun rigarsa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ɗinki kika kawo?"

Ta ajiye murfin, ta fita neman motar da za ta kai shi asibiti.