Tsince-Tsincen Inna

Auta ta fara zane ne da fenti da buroshi, tana yi wa masu shaguna allon talla. Ana yaba hannunta, amma ita kanta ta san aikin ba shi da rai.

Sai mantuwa ta fara kama mahaifiyarta. Kullum da hantsi Inna kan fita bakin titi, ta dawo da bakin zane cike da tarkace: marafan kwalba, fasasshen tangaran, ɓawon itace, gashin tsuntsu. Auta ta riƙa zubarwa a ɓoye, har ranar da Inna ta ritsa ta.

"Baiwar Allah, me na yi miki kike zubar min da kaya?"

Ranar ce Inna ta fara kasa gane ta. Auta ta zauna a ƙofar ɗaki ta yi kuka har ta gaji, sannan ta tsamo kayan daga kwandon shara ta wanke su.

Ta samo wani tsohon ƙyauren taga ta fara liƙa su da gam. Hoton farko bai yi kyan gani ba. Yayanta ya leƙo ya ce, "Ke ma kin bi sahun Inna ke nan? Allah ya sa ba ni ne na gaba ba."

Ba ta kula shi ba. A hankali ta gano cewa tsatsar ƙusa, in an jiƙa ta, tana ba da launin da babu shi a gwangwani, jar ƙasa da gawayi kuwa sun isa su fitar da fuskar mutum. Inna na zaune a gefe tana miƙo mata, wani lokaci ta fizge ta ce ba nan ne wurinsa ba. Sau da yawa ita ke da gaskiya.

Suna tsakiyar haɗa wani babba, hoton mace tana shanya, Inna ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, wani mai baje kolin zane ya zo ya ce yana son duka hotunan, in ta ƙarasa babban. Auta ta fita titi da kanta, ta ciko leda. Duk abin da ta ɗora sai ya ƙi zama. Ashe ba ta taɓa sanin yadda Inna ke zaɓe ba.

Da mutumin ya dawo ta ba shi sauran. Ya ce ko a haka zai karɓi babban, rabin fuskar katako zalla. Ta ce a'a.

Yayanta ne ya taya ta ɗaga shi zuwa ɗakin Inna. A ƙofa ya buge goshi, don hawaye sun hana shi ganin gabansa.